Minti Talatin da Biyar na Inna

Shekara arba'in Baba Mai Agogo ya yi yana leƙen cikin agogunan mutane da gilashi a ido ɗaya, sai waya ta zo ta kwashe masa kasuwa kaf. Kowa ya koma duba lokaci a aljihu. Ya rufe 'yar rumfarsa, ya tattara ƙananan sukudirebobinsa ya zuba a gwangwanin biskit, ya dawo gida ya zauna. To kun dai san hannun da ya saba aiki. Cikin wata uku ya gyara duk abin da ya lalace a gidan, a wata na huɗu ya fara taɓa waɗanda lafiyarsu ƙalau.

A nan suka samu saɓani da matarsa, wadda kowa ke kira Inna. Ranar da ya kwance mata injin markaɗe ya mayar, sukuru biyu suka yi saura a tafinsa, yana cewa ai dama kamfani ne suka yi almubazzaranci, ta nuna masa dokin ƙofar kicin da ludayi.

"Malam, ka ga nan? Daga nan zuwa waje naka ne. Daga nan zuwa ciki, ko cokali ne ya karye, ni zan yi jinyarsa."

Bai yi musu ba. Ya ɗauko kujerarsa ta roba ya dasa a bakin ƙofar, daidai kan iyaka, inda ƙamshi ke fitowa. Nan ya zama ofis.

Ƙamshin kuwa ba na wasa ba ne, don Inna gwanar kek ce. Ba ta ado, ba ta fenti, amma in ka gutsira sai ka lumshe ido ka manta da wanda ke yi maka magana. A wani ƙaramin tanderun lantarki take gasawa, shekararsa goma sha tara, da fari ne, yanzu ya koma ruwan ƙasa. A gefensa akwai agogon nan da ake murɗawa, ya yi ta ƙas-ƙas-ƙas har lokaci ya cika, ya buga ƙararrawa ya kashe wutar da kansa. Masu gyara suna ce masa taima. Kullum sai Inna ta murɗa shi har ƙarshe, sannan ta dawo da shi kan talatin da biyar. Baba ne ya koya mata hakan tun tanderun yana sabo, don sai an ɗaure shi sosai ƙararrawar ke samun ƙarfin bugawa. Wannan ne darasi ɗaya tilo da ta taɓa karɓa daga wurinsa, shi ma ta ce ita ta gano.

Wannan kek ɗin ne ya shiga tsakanin Inna da Auta.

Auta ce ƙaramar 'yarsu, shekara biyu ke nan da yin aurenta. Da za ta tafi, Inna ta saya mata tanderu irin nata sak, sabo dal, ta zaunar da ita ta rubuta komai a takarda: fulawa kaza, ƙwai kaza, bota kaza, minti talatin da biyar. Kada a buɗe kafin ƙararrawa, kada a ƙara bayan ƙararrawa. Auta ta bi takarda harafi da harafi. Kek ya fito gefe a gashe, tsakiya ya lotsa, ciki danƙo. Ta sake, haka. Ta canza fulawa, ta canza ƙwai, ta canza kwanon gashi, haka dai. In ta zo gida ranar Asabar, kamar yadda ta saba kowane mako, suka yi tare a tanderun Inna, sai ya tashi ɓul-ɓul gwanin sha'awa.

"Kin gani?" in ji Inna. "Rashin natsuwa ne. Kina yi kina latsa waya."

Wata rana Auta ta bugo ta ce ta gwada ƙara minti biyar kuma bai gasu ba. Inna ta hau ta da faɗa, wa ya ce ta ƙara, so take ta busar da shi? Ran Auta ya ɓaci, bakinta ya suɓuce.

"Inna, in dai akwai abin da ba kya son ki faɗa min, ki ce min kawai ba za ki faɗa ba. Ya fi ki bar ni ina ɓarnar ƙwai ina jin kunyar mijina."

Inna ta kashe wayar. Daga baya ta ce wa Baba, "Ni? Ni zan ɓoye wa 'yar da na haifa abu?" Ta faɗi haka sau ya fi goma a yini ɗaya.

Asabar bakwai ke nan Auta ba ta tako gidan ba. Wayar Baba take bugowa, ta gaishe shi, a ƙarshe ta ce a gai da mutanen gida, kamar gidan cike yake da mutane. Ita kuma Inna duk Asabar sai ta dafa abinci na mutum uku, ta ce hannunta ne ya zarce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kai dai a nono Auta ta sha shi. Abin yana cin Baba a rai ƙwarai, don shi duk mako Asabar ɗin nan yake jira, ya ji hayaniyarsu su biyu a kicin suna gardama kan gishiri. Ya gwada lallashi ta nan, ya gwada ta can, kowacce ta ce ya je ya faɗa wa ɗayar.

Ran nan da hantsi yana zaune a ofis, rediyo babu batir, sai kunnensa ya kama ƙarar taimar. Ya daɗe yana jin ta, amma bai taɓa saurarenta ba. Ƙas... ƙas... ƙas-ƙas... ƙas. Ɗingishi take yi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kara agogo a kunne ba ya bukatar a yi masa bayani. Ya jira Inna ta saka kwano na biyu, yana ganin ta dawo da murɗin kan talatin da biyar ya saci kallon agogon hannunsa. Wannan agogon kuwa, in suka saɓa da na gidan rediyo, to gidan rediyo ne ya yi kuskure.

Talatin da biyar ta cika, shiru. Arba'in, shiru. Sai da aka kai arba'in da bakwai sannan, ƙililin!

Baba ya dafe kai. Sai ga wata tsohuwar maganar Inna ta faɗo masa: wai fulawar zamani ba ta da ƙwari, da can sai ta ba kek minti arba'in da biyar har da ɗoriya, daga baya ta rage zuwa arba'in, yanzu talatin da biyar ma ta ishe shi. Ashe ba fulawa ba ce! Taima ce take ta ja da baya a hankali, Inna tana rage lamba tana bin ta, kek yana samun lokacinsa cif ba tare da kowa ya sani ba. Ita kuwa ta Auta sabuwa ce, in ta ce talatin da biyar, talatin da biyar take nufi.

Yanzu mai hankali me zai yi? Ya kira matarsa ya nuna mata agogo, magana ta ƙare. Amma Baba ya san Inna. Ka ce mata tanderunta na ƙarya, gara ka zagi danginta. Kuma in za a faɗi gaskiya, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Wata takwas rabonsa da ya buɗe wani abu mai haƙora a ciki. Ya ce a ransa, bari in gyara tukuna, in ya so sai in yi mata bayani da hujja a hannu.

Washegari da safe Inna ta ɗauki jaka ta tafi kasuwa. Ƙarar rufe ƙofa ba ta gama mutuwa ba Baba ya tsallake iyaka da gwangwanin biskit a hammata, zuciyarsa na bugawa kamar ɓarawo.

Ya fara zare fulogi, don shi da wutar lantarki girmama juna suke yi daga nesa. Ya ciro murɗin, ya kwance sukuru huɗu na gefe, ya jera su a faranti yana ƙirgawa da ƙarfi, saboda tarihi. Ga taimar nan, ba ta fi ƙaramin gwangwanin madara ba, da wayoyi biyu a bayanta. Ya ɗaura zare a ta sama don kada ya rikita su. Ya miƙar da 'yan kunnuwan ƙarfen da suka riƙe murfin, ya ɗaga, ya maƙala gilashinsa a ido.

"Sannunku da aiki," ya ce da su a hankali.

Abin da ke ciki duk 'yan gidansu ne. Ga sifirin, siririn ƙarfen nan da ke naɗe, wanda in ka murɗa kake ɗaure shi. Shi so yake ya warware gaba ɗaya ya huta, amma an tare shi da tayoyi huɗu masu haƙora, wannan na tura wannan. A bakin ta ƙarshe akwai wani ɗan ƙarfe mai kai biyu da ke kaɗawa hagu da dama, yana sakin haƙori ɗaya-ɗaya. Shi ne mai ƙas-ƙas ɗin. In murɗi ya dawo sifili, sai wani ɗan hannu ya faɗa cikin tsaga, ya raba ƙarafan da ke ba da wuta, ya kuma saki 'yar guduma ta doki ƙararrawa. Aiki mai tsabta, babu batir, babu yaudara.

Sai dai tururin bota da ƙurar fulawa na shekara goma sha tara sun haɗu da tsohon giris sun zama ƙaro. Kowace taya da ƙyar take jan ƙafa. Baba ya girgiza kai cike da tausayi. Ya kawo kananzir a murfin kwalba da tsohon buroshin haƙori ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya bi ramukan da tsinken sakace, ya shanya su a rana har warin ya fita, don hancin Inna ba ya kuskure. Sannan ya ɗiga man keken ɗinki da bakin allura, ɗigo ɗaya a kowane rami. Ya haɗa, ya mayar, ya ɗaure. Ya duba faranti, babu sukuru ko ɗaya. Ya murɗa zuwa goma yana kallon agogonsa. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, tiryan-tiryan. Minti goma na cika, ƙililin!

Wallahi sai da ya ɗan taka rawa a tsakiyar kicin, shi kaɗai.

Ya koma kujerarsa yana shirya jawabi. Har ya tsara yadda zai fara da tarihin sifirin. Sai ga Inna ta shigo da sauri, tana cire mayafi tana magana: ta haɗu da maƙwabciya a hanya, za ta yi baƙi da yamma, ta roƙe ta kek biyu.

"Innar Auta, dama akwai wata 'yar magana..."

"Malam, ka ga hannuna a cikin fulawa. In ba gobara ba ce ta jira."

Ya haɗiye jawabin. Ya ji tana fasa ƙwai, ya ji ta rufe tanderu, ya ji ta murɗa ta dawo kan talatin da biyar. A nan ne abin da ya aikata ya fito masa fili. Garin neman gira zai rasa ido. Ya buɗe baki, ya hango fuskarta, ya rufe.

Ƙililin!

Inna ta ɗan yi turus, kamar ta ji an yi sauri, amma ƙararrawa ai ƙararrawa ce. Ta fito da kwano ta ajiye. Suna kallo, ita daga ciki shi daga waje, tsakiyar kek ta sauka a hankali ta zama rami. Ta soka tsinke ya fito da danƙo.

"Ƙwan nan ne," ta ce. "Na faɗa wa mutumin nan ƙwansa ƙanana ne."

Ta sake kwaɓi, wannan karon tana auna komai sau biyu, bakinta na motsi. Baba yana zaune a kujerarsa. Sau uku yana miƙewa, sau uku yana komawa. Ƙililin! Na biyu ma ya lotsa, har ya fi na farko.

Ya jira tsawa, ya jira a zagi mai ƙwai da mai fulawa da masu ba da wuta. Shiru. Da ya leƙa sai ya ga Inna ta zauna a kan 'yar kujerar kicin, ta ɗora hannayenta biyu a cinya tana kallonsu. Tun da ya aure ta bai taɓa ganin ta zauna a kicin da rana tsaka ba.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ban canza komai ba. Wallahi yadda nake yi kullum haka na yi. Ko hannuna ne ya tafi?"

Nan tsoron faɗa ya fita daga ransa, tausayi ya maye gurbin. Ya tsaya a dokin ƙofa, ya cire hula ya riƙe.

"Hannunki na nan, Innar Auta. Ni ne. Na shiga."

"Ka shiga ina?"

Ya nuna tanderun da haɓa.

Jama'a, abin da ya biyo baya ba sai an maimaita ba. An tuno injin markaɗe. An tuno wani agogon bango da ya kwance tun Auta na goye. An tambaye shi ko da wani yare aka yi masa maganar dokin ƙofa. Baba ya sunkuyar da kai yana amsawa da "haka ne, haka ne," don faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa, wannan kuwa ko wasan bai karɓa ba. Sai da ta tsaya shan iska ya samu ya cusa tasa.

"Jinkiri take yi. Datti ne ya riƙe ta. Talatin da biyar ɗinki, jiya na auna, arba'in da bakwai ce. Shi ya sa kika yi ta rage lamba shekara da shekaru. Yanzu na wanke ta, daidai take tafiya, kamar sabuwa."

"To wa ya ce maka ina son..." Ta tsaya. Ta dubi tanderu. Ta dubi kek biyun da ke kan tebur da ramukansu. "Kamar sabuwa ka ce?"

"Kamar sabuwa."

"Irin ta Auta."

"Irin ta Auta."

Inna ta ce, ba da shi take ba, "Shekara biyu yarinyar nan tana ciro wannan. Ni sau biyu kawai na ciro, ji yadda hankalina ya tashi. Ta ce min ta ƙara lokaci, na hana ta."

Ta miƙe ta goge ido da gefen zani, wai hayaƙi ne, alhali ba abin da ke ci. Ta yi kwaɓi na uku da na huɗu ta zuba a kwano biyu, ta murɗa zuwa arba'in da bakwai tana harararsa. Suka tashi lafiya lau, aka miƙa wa maƙwabciya. Daga nan ta ɗauki wanda ya fi muni cikin lotsattsun nan ta ɗora a faranti, ta rufe da tsumma mai tsabta.

"Sa takalminka."

"Ina za mu da wannan abin? Ai da kin bari an yi mai kyau."

"Malam, yau ka yi gyara ya isa."

A cikin tasi farantin na kan cinyarta, ba ta yarda ya taɓa ba. Gidan Auta a hawa na biyu yake, Inna kuma gwiwa na damunta, amma ta haye ba ta tsaya hutawa ba, shi ne ma yake haki a baya.

Auta ta buɗe ƙofa. Ta yi tsaye, ta rusuna ta gaishe su, gaisuwa irin ta baƙi. Inna ba ta iya ba da haƙuri ba, duk duniya ta san haka. Sai kawai ta yaye tsumman ta miƙa mata farantin.

Auta ta dubi ramin. Ta san shi sarai, ta sha ganinsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Ke, Inna?"

"Da hannuna. Minti talatin da biyar, ban ƙara ba ban rage ba. Taimata ce take jinkiri ban sani ba, sai yau da ubanki ya yi mata shisshigi. Arba'in da bakwai ne, ki gyara a takardarki." Ta gyara mayafinta. "Ban ɓoye miki komai ba, 'yar nan. Abin da na sani shi na ba ki. Ashe abin da na sanin ne ba daidai ba, na kuma ɗora miki laifi."

Auta ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta rungume uwarta da farantin a tsakaninsu har tsumman ya faɗi.

"Inna, ki yafe min maganar da na faɗa."

"Ke tafi can, za ki shafa min danƙo a riga. Kina da ƙwai?"

"Akwai shida."

"Manya ko irin na mutumin nan?"

Suka nufi kicin suna magana a lokaci ɗaya, tun ba a kai ko'ina ba har sun fara gardama kan bota. Baba ya tsinci tsumman ya bi su a baya, ransa fari tas. Da ya iso dokin ƙofa sai ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ya waiga yana neman kujerar da zai ja ya zauna a waje.

Inna ta juyo, hannunta riƙe da ƙwai.

"Tsayuwar me kake yi a nan? Ni yanzu ban yarda da kowace ƙararrawa ba. Shigo da agogon nan naka, kai za ka riƙe mana lokaci."

Baba Mai Agogo ya gyara hula, ya tsallaka. Auta ta jawo masa kujera har gaban tanderu, ya zauna ya naɗe hannun riga.